Darasi Kan Tattalin Arziki: Ƙwayoyin Bakteriya Masu Tsamo Zinari Daga Ruwa

A watan Oktoba na shekarar 2025 farashin oza ɗaya ta zinari ya haye dalar Amurka 4,000 a kasuwannin duniya, karo na farko a tarihi. Wannan oza, wadda nauyinta giram 31.1 ne, ba ta kai dala 300 ba a ƙarshen shekarar 1999, kuma sai a watan Agusta na 2020 ta fara haye dala 2,000. Duk lokacin da farashi ya yi irin wannan tashi, abin da a da ake zubarwa a juji yakan koma haja. Ruwan da ya fito daga wankin ma'adini, da guggubin da ke taruwa a wurin maƙeran fari, da matattun wayoyin hannu da kwamfutoci, duka suna ɗauke da ɗan burbushin zinari wanda a lokacin araha tsamo shi ba ya biyan kuɗin wahala.

Daga cikin hanyoyin da masana kimiyya ke gwadawa domin tsamo irin wannan zinari, akwai ta amfani da ƙwayoyin bakteriya, watau ƙananan halittun nan da ido ba ya iya gani sai da madubin kimiyya. Galibin jama'a sun san su da sunan ƙwayoyin cuta, amma mafi yawansu ba sa haddasa wata cuta, hasali ma da taimakon wasunsu ne madara ke zama kindirmo, kalwa kuma ta zama daddawa. Ya kamata ɗan kasuwa ya san abin da waɗannan ƙwayoyi ke iya yi da zinari da abin da ba sa iyawa, domin kada dama ta wuce shi, kuma kada wani mai romon baka ya raba shi da jarinsa da sunan kimiyya.

Yadda zinari ke narkewa

Darajar zinari ta samo asali ne daga taurin kansa. Ba ya tsatsa, iska da ruwan sama ba sa cin sa, kuma yawancin ruwan asid da ke cinye baƙin ƙarfe da tutiya ba sa yi masa komai. Abubuwa kaɗan ne ke narkar da shi. Akwai haɗin asid biyu, watau kashi ɗaya na asid ɗin naitirik da kashi uku na asid ɗin haidurokulorik, wanda masu tace zinari suka daɗe suna aiki da shi. Akwai kuma ruwan gubar sayanid idan iska tana ratsa shi.

Idan zinari ya narke a cikin irin wannan ruwa yakan ɓace wa ido kamar yadda gishiri ke ɓacewa a cikin miya. Abin da ya faru shi ne kowace ƙwayar zarra ta zinarin ta yi hasarar wasu 'yan mitsi-mitsin sassa nata da ake kira ilaktaron, ta kuma haɗu da sinadarin da ke cikin ruwan. Nauyin zinarin yana nan bai ragu ba. Domin a komo da shi ƙarfe, sai an mayar masa da ilaktaron ɗin da ya rasa. Duk wata hanyar tsamo zinari daga ruwa, ta zamani ko ta da, a kan ɗayan abu biyu take: ko dai a ba shi abin da zai maƙale a jikinsa a tsame su tare, ko kuma a mayar masa da ilaktaron ya kwanta a gindin mazubi.

Hanyoyin da aka saba

A shekarar 1887 ne John Stewart MacArthur da 'yan'uwan nan biyu Robert da William Forrest suka yi rajistar hanyar narkar da zinari da sayanid a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya. Har yanzu ita ce hanyar da manyan kamfanonin haƙar zinari suka dogara a kai. Ana niƙa dutse ya zama gari, a jiƙa shi da ruwan sayanid, sa'an nan a tsamo zinarin da garin tutiya ko da wani irin gawayi na musamman da zinari ke maƙalewa a jikinsa. Hanyar tana da araha kuma tana kama kusan dukan zinarin da ruwan ya taɓa. Aibinta shi ne guba. A watan Janairu na shekarar 2000 madatsar wata ma'adana ta fashe a Baia Mare ta ƙasar Romaniya, inda ruwa mai sayanid kimanin kubik mita 100,000 ya kwarara cikin koguna har ya kai kogin Tisza na Hangari, ya kashe kifaye masu ɗimbin yawa.

Ƙananan mahaƙa kuwa, a Nijeriya da Gana da Nijar da Sudan, da zaiba suke aiki. Suna cuɗa ta da garin dutse ta haɗiye zinarin, sa'an nan su ƙona dunƙulen, zaibar ta tashi hayaƙi, zinarin ya saura. Wannan hayaƙi yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa ƙananan mahaƙan zinari ne ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki cikin iska, abin da ya sa aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018. Neman mafita daga waɗannan guba biyu na daga cikin dalilan da suka sa gwamnatoci da kamfanoni ke zuba kuɗi a binciken bakteriya.

Tarihin binciken

A shekarar 1976 wasu masana suka tsamo wata ƙwayar bakteriya daga tankin dagwalon wata masana'antar tutiya kusa da birnin Liyej na ƙasar Beljiyam. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda take rayuwa a wurin da gubar ƙarfe ta kashe kusan kowace halitta. An sauya mata suna sau da dama, kuma a yau ana kiranta Cupriavidus metallidurans. A 1980 kuma wasu masana biyu a Kanada, Beveridge da Murray, suka nuna cewa fatar wata ƙwayar da ake samu a ƙasa, Bacillus subtilis, tana tara zinari idan aka sa ta a ruwan da ya narke a ciki.

Babban ci gaba ya zo ne a 2006, lokacin da Frank Reith da abokan aikinsa a Ostareliya suka ɗebo ƙwayoyin zinari daga ma'adanai biyu, ɗaya a jihar Niw Sawut Wels ɗaya a Kwinslan, masu nisa ƙwarai a tsakaninsu. Da suka duba a madubin kimiyya sai suka ga wani yauƙi na bakteriya lulluɓe da zinarin, kuma a yawancin ƙwayoyin zinarin da suka bincika sun sami alamar waccan ƙwaya ta Beljiyam. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa wani ɓangare na zinarin da ake samu a cikin ƙasa da bakin rafi ya taɓa narkewa a ruwa, kuma bakteriya ne suka sake dunƙula shi sannu a hankali.

A 2013 ayarin Nathan Magarvey na Jami'ar McMaster a Kanada ya gano dabarar wata ƙwayar ta biyu, Delftia acidovorans, wadda ita ma ke zaune a jikin zinari. Ita wannan tana fitar da wani sinadari ne da aka sa wa suna delftibaktin, wanda ke tarar narkakken zinari tun a waje ya mayar da shi ƙarfe kafin ya shiga jikinta. A 2018 kuma ayarin Dietrich Nies na Jami'ar Halle a Jamus, tare da Reith, ya bayyana yadda ƙwayar Beljiyam ke yin nata aikin. Tana da wani famfo a jikinta da ke fitar da jan ƙarfen da ya yi mata yawa. Idan zinari ya shigo tare da jan ƙarfen sai ya toshe wannan famfo, ƙwayar kuma sai ta tayar da wani sinadari na biyu da ke sauya ƙarafan biyu zuwa yanayin da ba sa iya ratsawa ciki, zinarin ya taru a matsayin burbushi a tsakanin fatunta biyu.

Abin lura a nan shi ne narkakken zinari guba ne ga waɗannan halittu. Ba abincinsu ba ne, kuma ba sa neman sa. Kare kai suke yi, zinarin da ke fitowa kuwa tarkacen wannan kare kai ne.

Yadda ake gwajin

Gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje yana da matakai biyar. Na farko, ana renon ƙwayoyin a cikin kwalba mai romon abinci, a ɗumin da suke so, na tsawon kwana ɗaya zuwa biyu, har ruwan ya yi kauri da su. Na biyu, ana sa kwalbar a wata na'ura mai juyawa da sauri domin ƙwayoyin su kwanta, a tsiyaye romon, a wanke su. Wankin yana da muhimmanci, domin wasu sinadaran romon su kansu suna iya kwantar da zinari, su ɓata sakamakon.

Na uku, ana zuba ƙwayoyin a cikin ruwan da aka narkar da zinari a ciki, wanda aka san adadinsa daidai. Yawanci gishirin zinari mai kulorin ake amfani da shi, ruwansa kuma rawaya ne garau. Wasu ƙwayoyin suna bukatar a ba su abin da za su ciro ilaktaron daga gare shi, kamar iskar haidurojin, a kuma hana iskar shaƙa shiga kwalbar. Na huɗu, ana jira ana lura da launi. Idan aikin ya kama, rawayar takan dushe, ƙwayoyin kuma su koma shunayya ko ja mai duhu. Dalili kuwa shi ne zinari idan ya yi ƙanƙanta ƙwarai ba ya nuna launinsa da aka sani, abin da Michael Faraday ya bayyana tun 1857. Ana ɗiban ruwan lokaci-lokaci a auna abin da ya rage a cikinsa da na'urar auna ƙarfe, a kuma ajiye wata kwalbar da babu bakteriya a ciki domin kwatanci. Na biyar, ana tace ƙwayoyin, a busar, a ƙone su, tokar kuma a narka ta a wuta mai zafin da ya haye digiri 1,064, inda zinari ke zama ruwa ya dunƙule.

Tsawon lokacin ya danganta da ƙwayar. Yasuhiro Konishi da abokan aikinsa a Osaka ta Japan sun ba da rahoto a 2006 cewa ƙwayar Shewanella algae, idan aka ba ta haidurojin, tana kwantar da zinari cikin minti 30 a ɗumin ɗaki. A Jami'ar Bamingham ta Ingila, ayarin Lynne Macaskie ya yi amfani da wasu ƙwayoyin wajen tsamo zinari daga ruwan sharar masu ƙera kayan ado da na tarkacen kayan lantarki. An kuma gano cewa ko matattun ƙwayoyi suna kama zinari a fatarsu, haka nan yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Wannan yana da amfani ga masana'anta, tun da matacciyar ƙwaya ba ta bukatar abinci kuma asid ba ya kashe ta.

Ayyuka uku da bai kamata a gauraya ba

Idan aka ce bakteriya da zinari, ayyuka uku ne mabambanta, kuma matsayinsu a kasuwa ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne fasa dutse. Akwai ma'adinin da zinarinsa ke kulle a cikin duwatsu masu farar wuta da gubar asanik, ta yadda sayanid ba ya kai wa gare shi. A da gasa irin wannan dutse ake yi, hayaƙinsa kuma ya gurɓata gari. Kamfanin Gencor na Afirka ta Kudu ya fito da hanyar da ya kira BIOX, inda ake zuba garin ma'adinin a manyan tankuna tare da bakteriya masu cin farar wuta da ƙarfe, a ɗumin digiri 40 zuwa 45, na kwana huɗu zuwa shida. An fara aiki da ita a ma'adanar Fairview kusa da Barberton a 1986. A 1994 aka buɗe irin wannan masana'anta a Obuasi ta ƙasar Gana, mai sarrafa tan 720 a kullum, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa tan 960. Wannan aiki ya tabbata a kasuwa shekaru da dama, amma fa bakteriya buɗe ƙofa kawai suke yi, har yanzu sayanid ne ke narkar da zinarin.

Na biyu shi ne narkarwa. Wasu ƙwayoyi, irin su Chromobacterium violaceum, suna fitar da ɗan sayanid daga jikinsu, kuma an gwada su a kan niƙaƙƙen fanel ɗin kayan lantarki. Suna ɗaukar kwanaki, kuma a yawancin gwaje-gwajen abin da suka narkar bai kai rabin zinarin da ke ciki ba. Wannan aiki bai fita daga ɗakin gwaje-gwaje ba tukuna.

Na uku shi ne tsamowa daga ruwa, wanda shi ne jigon wannan darasi. Ya tabbata a ɗakin gwaje-gwaje, kuma ya fara leƙa masana'anta.

Lissafin riba da hasara

A 2012 wani masanin ƙananan halittu, Kazem Kashefi, da wani malamin fasaha, Adam Brown, na Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka, suka baje kolin wani gwaji inda ƙwayar Beljiyam ta fitar da tsantsar zinari daga ruwa cikin kimanin mako guda. Jaridu da dama suka buga labarin kamar an sami halitta mai ƙirƙirar zinari. Su kansu masu gwajin sun bayyana cewa tsadar aikin ba za ta bari a yi shi don ciniki ba. Dalilin a fili yake. Gishirin zinarin da suka zuba a ruwan, kusan rabin nauyinsa zinari ne, kuma da zinari aka yi shi. Wanda ya sayi gishirin a kantin kayan kimiyya ya biya kuɗin zinarin da ke ciki, ya kuma biya ladan wanda ya narkar da shi. In ya tsamo zinarin duka, ya komo da ƙasa da abin da ya kashe. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Riba tana yiwuwa ne kawai idan ruwan ya fito daga abin da aka samu da araha, kamar shara ko dagwalon masana'anta.

Abu na biyu shi ne yawan ruwa. A gwaje-gwaje da yawa, lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na giram ɗin zinari. A wannan ma'auni, duro mai cin lita 200 yana da kimanin giram 40, kuma kafin a tara kilo ɗaya sai an sarrafa lita 5,000, watau duro 25. Ruwan shara na gaske sau da yawa bai kai wannan kauri ba. Kowace lita tana bukatar mazubi, da wutar lantarki ta motsa ta, da kuɗin tsabtace ta kafin a zubar.

Akwai tsohon darasi a kan wannan. A shekarun 1920 shahararren masanin sinadarai na Jamus, Fritz Haber, ya shafe shekaru yana neman hanyar tsamo zinari daga ruwan teku domin ƙasarsa ta biya diyyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Zinarin yana cikin tekun, amma da ya auna da kyau sai ya tarar adadinsa ya gaza abin da aka zata nesa ba kusa ba, ya haƙura.

Abu na uku shi ne zaɓe. A ɗakin gwaje-gwaje zinari ne kaɗai a cikin ruwan. A fanel ɗin waya ko kwamfuta kuwa, jan ƙarfe yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin, alhali zinarin giram ɗari biyu ne zuwa ɗari uku a tan ɗaya na fanel mai kyau. Watau a kowane giram na zinari akwai ɗaruruwan giram na jan ƙarfe, ga kuza da dalma da sauransu. Fa'idar bakteriya ta gaskiya a nan take: wasunsu suna tsince zinari su bar sauran ƙarafan, ko da ruwan ya yi tsarari ƙwarai. Ƙwayar da ba ta iya wannan zaɓe ba ta da amfani ga ɗan kasuwa, komai saurinta.

Akwai kuma wata kasuwar ta daban. Burbushin zinarin da ƙwayoyin ke fitarwa yana da masu saye a yadda yake, ba sai an narka shi ba. Jan layin da ke fitowa a jikin ɗan katakon gwajin zazzaɓin cizon sauro ko na juna biyu, da irin wannan burbushi ake yin sa, kuma masana'antun sinadarai suna amfani da shi wajen hanzarta haɗe-haɗensu. Giram ɗinsa ya fi giram ɗin dunƙulallen zinari tsada, sai dai masu saye suna bukatar girman ƙwayoyinsa ya zama bai ɗaya, abin da har yanzu hanyar sinadarai ta fi iya tabbatarwa.

Daga kwalba zuwa masana'anta

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. An ƙiyasta darajar ƙarafan da ke ciki a kan dala miliyan dubu 91, daga ciki zinari ya tashi dala miliyan dubu 15. Idan aka tuna cewa ma'adanai da yawa suna cin riba da dutsen da ke da giram ɗaya zuwa biyar a kowane tan, za a ga dalilin da ya sa ake rububin fanel. Amma a nan ma sai an yi hattara da alƙaluma. Domin yin lambobin yabo na wasannin Olamfik na Tokyo, Japan ta tattara tarkace tan 78,985 da wayoyi miliyan 6.21, zinarin da ya fito kuwa kimanin kilo 32 ne.

Kamfanin Mint Innovation, wanda aka kafa a ƙasar Niw Zilan a 2016, ya gina tsarinsa a kan wannan bincike. Ana niƙa fanel, a narkar da ƙarafan da sinadarai, a cire jan ƙarfe da wutar lantarki, sa'an nan a zuba ƙananan halittu su kama zinarin, a tace su a ƙone. Bayan gwaji a birnin Okland, kamfanin ya gina masana'anta a Sidni ta Ostareliya. Hujjar irin wannan tsari ita ce ana iya kafa shi ƙarami a cikin gari kusa da inda shara take, maimakon a loda fanel a jirgin ruwa zuwa manyan matatun Turai da Asiya.

Bakteriya suna da abokan hamayya. A 2024 Hukumar Buga Kuɗi ta Birtaniya ta buɗe masana'anta a yankin Wels mai iya sarrafa tan 4,000 na fanel a shekara, da sinadarai zalla. A wannan shekarar kuma masana a birnin Zurik na Suwizalan suka yi wani soso daga ruwan da ke saura bayan an yi cuku, suka tsamo zinari miligiram 450 daga tsoffin fanel 20 na kwamfuta. Kasuwa za ta bi duk hanyar da ta fi rage kuɗin fitar da giram ɗaya.

Inda Nijeriya ta shigo

Nijeriya tana da zinari a Maru da Anka na jihar Zamfara, da Birnin Gwari a Kaduna, da Yawuri a Kebbi, da Ilesha a Osun, inda ma'adanar Segilola ta fara fitar da zinari a 2021. A watan Yuli na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya sayi dunƙulen zinari kilo 12.5 na ƙananan mahaƙa a kan naira miliyan 268. Ƙasar ta kuma biya diyya mai tsada. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a 2015 kuma ta sake kashe wasu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Tilas a faɗi gaskiya cewa bakteriya ba za su magance wannan ba. Dalmar daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, kuma kowace hanya aka bi sai an niƙa dutse. Maganinta shi ne niƙa da ruwa, nesa da gida. Haka nan zinarin da ke warwatse a cikin yashi, wanda ido ke gani a gindin kwano, ba ya bukatar narkarwa, na'urorin wanki masu aiki da nauyi sun ishe shi.

Inda binciken ya fi shafar Nijeriya shi ne tarkacen lantarki. A 2019 an ƙiyasta ƙasar ta fitar da tan 461,000, kuma a nahiyar Afirka abin da ake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola suna tattara fanel daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja, da Alaba a Legas, da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, dillalai su saya a kan kilo su fitar waje. Ladan tattarawa ne ke zama a gida, ribar tacewa kuwa ta tafi ƙetare. Waya ɗaya tana da kimanin giram 0.03 na zinari, wanda a farashin dala 4,000 kowace oza bai kai dala huɗu ba, kuma sai an tara wayoyi fiye da 30,000 kafin a sami kilo ɗaya. Saboda haka sana'ar ta mai iya tara kaya da yawa ce a kai a kai, kuma a wannan fanni 'yan kasuwar ƙasar nan suna da ƙwarewar da masu ɗakin gwaje-gwaje ba su da ita. Akwai hukumomin da aikinsu ya shafi wannan, kamar Majalisar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu da ke Abuja da Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa da ke Jos, ban da sassan nazarin ƙananan halittu na jami'o'i.

Tambayoyin mai zuba jari

Duk wanda aka kawo wa tayin zuba kuɗi a irin wannan harka, akwai tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu a aljihu. Daga ina zinarin da ke cikin ruwan ya fito, kuma nawa aka saye shi? Giram nawa ne a kowace lita, kuma wane ɗakin gwaji mai zaman kansa ne ya auna? An yi gwajin da ruwan shara na gaske ne, ko da gishirin zinari na kanti? Lita nawa aka taɓa sarrafawa a zubi ɗaya, tun da abin da ya yi kyau a kwalba ba lalle ne ya yi kyau a tanki ba? Da wane sinadari ake narkar da zinarin, kuma ina ake zubar da ruwan bayan an gama? Akwai izinin hukumar kula da muhalli? Sa'an nan nawa ne kuɗin fitar da giram ɗaya idan aka kwatanta da na gawayi ko garin tutiya, ko kuma da sayar da fanel ɗin yadda yake?

Mai tayin da ya amsa waɗannan da takardu ya cancanci a saurare shi, a kuma fara da ƙaramin gwaji wanda hasararsa ba za ta karya jari ba. Wanda kuwa ya ce ƙwayoyinsa suna haifar da zinari ko suna ninka shi, ba shi da bambanci da masu damfarar ninka kuɗi da aka saba ji. Zinarin da aka zuba a ruwa shi ne iyakar abin da zai fito, ko ƙasa da haka, kuma ribar ɗan kasuwa tana cikin bambancin da ke tsakanin kuɗin sayen sharar da kuɗin tace ta.